Mota Tasu, Bashi Nawa

Assalamu alaikum ƴan uwana masu bin labarina. Na ga saƙonninku, musamman na masu tambayar ko an sa rana. Ba a sa ba. Ku gyara zama ku ji abin da ya faru ranar Lahadin da ta wuce, don tun ranar ban samu bakin faɗa wa kowa ba, Inna ma guntu-guntu ta ji.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Ummulkhairi, ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a nan Madawa, yara da iyayensu duk Madam suke ce mini. Ina da ƙawa tun ta yarinta, Nafisa. Ita ta bar lakwal tun muna ƙanana, ni na wuce, amma duk ranar kasuwa sai ta ƙullo mini ƴan canji daga cinikin awararta in sayi biro. Shekarar da gwamnati ta ɗauke ni aiki sosai, mijinta Ango ya dawo daga Libiya hannu rabbana, ba abin da ya shigo da shi sai iya tuƙi. Banki kuwa ba ya ba da bashi sai ga mai albashi. Nafisa ta zo har ɗakinmu ta zauna bakin katifata tana murza bakin zane, ta kasa magana. Ni na ƙarasa mata maganar da bakina. Na ci bashi da sunana, aka sayo wa Ango tsohuwar motar kasuwa, a kan duk wata zai kawo abin da banki ke cira.

Watannin farko ya kawo cif, har da tsarabar albasa. Daga nan inji ya buga. Aka gyara inji, taya ta fashe. Aka sa taya, damina ta cinye hanya. Rani ya zo, aka ce mai ya yi tsada, fasinja sun yi wuya. Yanzu in na kira shi, wata mata ce ke ba ni haƙuri da Faransanci wai ba a samun mai lambar. Shi kuwa banki bai san inji ba, bai san damina ba. Albashi na sauka zai gutsure rabonsa, sannan ya turo mini saƙo mai ladabi yana gode mini. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na gaji, wallahi na gaji, irin gajiyar da barci ba ya saukewa.

Ranar Asabar da hantsi ina wanki a tsakar gida, Inna na zaune a inuwar ɗaki tana tsinkar zogale. Ni kuwa na san Inna, hadari ne yake haɗowa.

"Auta," ta ce, ba ta ɗago ba. "Jiya mun gamu da uwar Faruƙ wurin gaisuwa."

"Tana lahiya?"

"Lahiya lau. Ta gaishe ni da kyau. Amma ba ta tambaye ki ba."

Na ci gaba da cuɗa hijabina kamar ban ji ba.

"Sau biyu suna aiko manya a sa rana, sau biyu ina cewa a dakata. Da wane ido za ni kai ki ɗakin miji da tabarma da buta? Ɗiya mai albashin gwamnati! Ubanki ba shi da rai, ni zogalen ga nika saidawa. Kuɗɗin gadonki da kabad ɗinki suna can suna yawo kasuwar Bangi da awakin mutane a bayansu."

Ban ga laifinta ba. Duk kayan ɗakin da muka iya tarawa kwalin kuloli ne guda ɗaya, yana lungun ɗakinta tun bara, har kaza ta mai da samansa wurin yin ƙwai.

Faruƙ ya zo bayan la'asar. Shi ne mai nemana, yana sayar da irin albasa da taki a kasuwa. Ya sa shadda ruwan toka, ya fesa turare, amma ni ko daga ina ina jin ɗan warin takin nan a ƙarƙashin turaren, kuma ban taɓa ƙin sa ba. Ya ajiye mini leda da lemu a kan benci a zaure, muka gaisa. Ban ga murmushin nan nasa na gefen baki ba.

"Na ji Nahisa ta sauka," ya ce. "Gobe suna ko?"

"Awo. Ɗiya mace."

"Tau. Mutum shina gudun waya, amma ba shi gudun sunan ɗiyatai. Gobe Ango shina gida, tsohuwatai na nan, kawunnai dut suna nan. Ki bari a watse, ki same su, ki ce a ba ki motarki."

"Ranar suna, Faruƙ? Mutane su ce mi?"

"Kina tahiya lakwal da ƙahwa cikin rana, takalminki na shan ɗinki, wa yac ce wani abu?"

Na ja ƙafata na ɓoye a ƙarƙashin hijabi. Ashe ya gani.

Ya ce ya yi magana da wani dillalin motoci, Shafi'i, kuma akwai mai saye a hannu. Abin da za a samu zai rufe bakin banki, har a ɗan rage na gado da katifa. Ya tsara komai tsaf, yadda yake jera gwangwanayen iri a shagonsa.

"Ummu, ni ke nika so, ba gado ba. Na ce ma Inna ta bari ni in yi kayan, ta ce ba a taɓa yi ba gidanku, kuma ba a hwarawa kanki. Na girmama maganatta. Amma Babana ya ce in anka gama kwasar albasa ba a sa rana ba, shi ya gama aike."

"In ya gama fa?"

Ya kalli ƙasa. "Kada ki sa ni hwaɗin abin da ba ni so."

Bayan ya tafi sai ga saƙonsa a waya: "Gobe bayan la'asar muna tasha ni da Shafi'i. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah shi ba ki ƙarhin zuciya." Na karanta, na sake karantawa, na rubuta "To" kawai.

Ana sallame asuba na shirya. Na ɗaura atamfata shuɗiya ta sallar bara waccan, na ɗora hijabi ruwan ƙwai, ko hoda ban shafa da yawa ba don kada a ce Madam tana cikin daɗi. A jaka na sa sabulu da ƴan rigunan jarirai biyu na barka. Na tari kabu-kabu zuwa ƙauyen su Nafisa, can gaba da Galma. Hanya duk garaken albasa ne, injinan ban ruwa sun riga sun fara kuka, warin ɗanyar albasa na shiga hanci. Ni kuwa a bayan babur ina ta bitar maganata kamar ɗaliba ranar jarrabawa: Kawu, ba faɗa na zo yi ba. Kawu, haƙƙina nake nema. Har mai babur ya waiwayo ya ce ko da shi nake.

Abin da na fara gani a ƙofar gidan ita ce motar. An wanke ta, an ajiye ta ƙarƙashin dogon yaro, madubi ɗaya an ɗaure shi da roba, ƴan awaki na kwance a inuwarta. Na daɗe ban sa ta a ido ba. Na ɗan dafa ta da zan wuce, ban san dalili ba.

Maza sun cika tabarmi, ana raba goro da dabino. Ango na tsakiya cikin sabuwar farar shadda tana ƙyalli. Ban so ba, amma sai da zuciyata ta yi wa shaddar nan kuɗi. Yana hango ni ya miƙe ya ɗaga hannu biyu.

"Madam! Jama'a, Madam ta iso! Marhabin, marhabin! Ki shiga, ƙawakki tun jiya take cigiya."

Ka ce ba shi ne mutumin da wayarsa ta mutu a kaina ba.

Cikin gida hayaƙi da mata, ana tuyar fanke, ana dama kunu, yara na bin ƙafafun mutane. Na samu Nafisa a ɗaki zaune bakin gado, ta sha lalle da kwalli, amma wuyanta duk ƙashi. Ta riƙo hannuna da hannu biyu.

"Na san kina zuwa," ta ce. "Ko kowa bai zo ba, ke kina zuwa."

Ina zaune idona ya kai kan kabad ɗinta. Ni na taya ta jeren kwanonin nan ranar da aka kawo ta, na san yadda ya cika har sama. Yanzu layi biyu na ƙasa babu komai, sai shatin inda kwanoni suka zauna. Ta ga inda nake kallo, ta ce a hankali, "Gyaran inji."

Muna nan sai hayaniyar waje ta lafa, alamar liman ya fara addu'a. Mata suka yi tsit, kowa ta kasa kunne. Can sai muryar sanƙira ta tashi daga ƙofar gida:

"An raɗa suna! Jaririya ta ci suna Ummulkhairi! Ummulkhairi ɗiyar Ango! Allah shi raya, Allah shi ɗayyaba!"

Guɗa ta ɓarke a kunnena. Kafin in gane abin da na ji, mata sun cika ɗakin, wannan ta ja hijabina, waccan ta dafa kaina. Tsohuwa Dije, uwar Ango, ta kutso tsakaninsu da jaririyar a naɗe cikin farin zane, ta dire mini ita a cinya.

"Amshi takwarakki, Madam. Yau kin yi ɗiya ba naƙuda."

"Madam ta samu mai gadon alli!" wata ta ce, aka kwashe da dariya.

"Ku bar ta ta sarara, ba ku ga murna ta hana ta magana ba?"

Ƴan uwa, ku da kuka san garuruwanmu ba sai na yi muku bayani ba, amma akwai masu karantawa daga nesa. A wurinmu in aka yi miki takwara, an ba ki girman da ya fi kuɗi. Yarinya ta zama taki. Kayan sallarta na wuyanki, in ta yi ciwo za a aiko miki, in ta isa aure ke ce a gaba. Iyayenta ma ba za su ƙara kiran sunan nan gatsal ba saboda ke, sai dai su sa mata laƙabi. To ta yaya wadda aka yi wa haka da safe za ta tsaya gaban kawunnan uban da azahar ta ce a ba ta makullin abin da gidan ke ci da shi? Ko a labari ban taɓa jin wadda ta yi ba.

Wayata ta yi motsi a jaka. Na zaro da hannu ɗaya. Faruƙ ne: "Kin isa lahiya? An watse?" Na mayar da ita.

Sai da rana ta ɗaga, mata suka koma wajen tukwane, sannan muka samu ɗakin mu biyu, da jaririyar da har lokacin ba wanda ya karɓe ta daga cinyata.

"Wa yaz zaɓi sunan?" na tambaye ta.

"Ni."

"Ba Ango ba?"

"Shi sunan tsohuwatai ya so. Na yi ta kuka sai da ya bari." Ta goge hanci da bakin ɗankwali. "Mi gare ni da za ni ba ki, Ummu? Kullum wata ya ƙare ba ni barci, na san ana yankar albashinki saboda mu. In na ga kiranki kunya ta hana ni ɗauka. Ba ni da gona, ba ni da tumkiya. Ita ɗai ag gare ni."

Ta matso kusa, ta rage murya.

"Na san ba barka ɗai ta kawo ki ba. Tun shigowakki na gani ga idonki. Hwaɗi. In motar kika so, wallahi ni da hannuna za ni amso miki makulli, ba ni jin haushinki. Sai dai ki sani, ya ce in babu mota komawa za shi Libiya. Waccan tahiyar ma da ƙyar yad dawo da rai."

Ta zuba mini ido tana jirana. Ga maganar da na yi ta bita tun daga Madawa tana kan harshena, a jere, ba abin da ya ɓace. Ga ƙofa an buɗe mini, ba kawu, ba taro. Kalma ɗaya ce. Na tuna Inna da kwalin kulolinta, na tuna Faruƙ yana kallon ƙasa a zaurenmu. Sai yarinyar ta yi miƙa, ta buɗe ido ɗaya ta rufe, ta cusa fuskarta cikin hijabina tana neman nono a inda babu.

"Babu komi," na ce. "Barka niz zo."

Nafisa ta kifa kanta a kafaɗata ta fashe da kuka. Ni ko hawaye ban yi ba, jikina ne kawai ya yi nauyi kamar na yini ina daka.

Na san abin da wasunku za su rubuto: Madam, an yi miki wayo. Ni ma na tambayi kaina. Da na fito tsakar gida na ga yadda tsohuwa Dije ke kallona tana murmushi, ita da aka hana takwara amma ko a jikinta, sai na ce lallai akwai lissafi. Da na tuna kabad ɗin Nafisa da ƙashin wuyanta sai na ce babu. Wataƙila ita don Allah ta yi, su kuma suka ga ribar barin ta ta yi. Ko ma wanne ne, sunan ya riga ya zauna, an yanka rago a kansa.

Aka cika mini leda da fanke da soyayyen nama. Saƙon Faruƙ ya sake shigowa: "Muna tasha." Na nemi kabu-kabu babu, duk sun tafi kasuwa. Sai aka ce ai Ango zai mayar da baƙin Madawa, in zo mu tafi. Ya buɗe mini gidan gaba da kansa, ya kakkaɓe kujera da hularsa. Wani ƙarfe na sukata ta cikin soso tun daga ƙauyen har gari. Shi kuwa bakinsa bai huta ba: jandarmomin hanya, tsadar mai, wani makaniken da ya cuce shi, da yadda in Allah ya so wata mai kamawa zai fara kawo wani abu. Ina ta cewa "Allah shi sa," ina kallon garaken albasa, wasu har an fara tuge su an shanya.

Tun daga bakin tasha na hango su. Faruƙ na zaune kan babur ɗinsa, Shafi'i na tsaye da carbi a hannu. Da Faruƙ ya ga motar, ya gan ni a gaba, sai ya miƙe, fuskarsa ta washe gaba ɗaya. Ya ɗauka na yi nasara har na sa Ango ya kawo ta da kansa. Ban taɓa ganin ya yi farin ciki irin haka ba, kuma ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba. Shafi'i har ya fara zagaya motar yana ɗan shurin tayoyi, yana leƙa ƙarƙashi.

Fasinja suka sauka, kowa na miƙa wa Ango kuɗin mota. Ni kuma don in samu abin yi da hannuna, in kauce wa idon Faruƙ, sai na buɗe jaka na zaro jika guda, wato sefa dubu, na miƙa. Ango ya ja da baya ya dafe ƙirji, ya ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji karamcinsa.

"Haba Madam! Subhanallahi! Takwarar ɗiyata ta biya kuɗɗin mota? Mai da kuɗɗinki. Ai motag ga kamar taki ta!"

Faruƙ ya tsaya inda yake.

"Takwara?" ya ce.

"Awo mana! Ba ta hwaɗa maka ba? Ummulkhairi munka sa. Yanzu ai mun zama gida guda."

Shafi'i ya bar shurin taya. Dillali ne, ba sai an yi masa fassara ba. Faruƙ ya dube ni, na kasa ɗaga kai sama da maɓallin rigarsa. Na so ya yi faɗa, na so ya ce mini wawuya a gaban mutane, da na ji sauƙi. Bai yi ba. Shi ma ɗan ƙasar nan ne, ya san abin da aka ɗora mini a cinya, ya kuma san ba a sauke shi.

"Allah shi raya," ya ce wa Ango, ya ba shi hannu.

Ya laluba aljihu ya ba Shafi'i na goro, ya ba shi haƙurin ɓata masa yini. Sannan ya juyo gare ni, muryarsa a sanyaye, babu fushi a ciki sai gajiya irin tawa.

"Ki gaida Inna."

Ya tada babur ya tafi. Bai ce in hau ya rage mini hanya ba, bai ce sai ya zo ba. Har yau da nake rubuta muku wannan wayata ba ta nuna sunansa ba, ga shi motocin albasa sun fara layi a bakin kasuwa.

Ranar dai na daɗe tsaye a tasha da ledar fanke a hannu, Ango na bayana yana ta kiran fasinjan Galma. Daga baya na kama hanyar gida a ƙafa. A bakin kasuwa na wuce wani mai tebur, na yi gaba, na dawo. Na tambaye shi kuɗin ƴan kunnen jarirai, don ba a barin takwara da zare a kunne. Ya ce jika biyu. Na duba jikar da Ango ya yafe mini, na ce ya ajiye mini su sai an yi albashi.